Injin Farfasa Tsakuwar Ƙoda: Matsalolin Da Kan Biyo Bayan Aiki

Darasinmu na yau ya shafi tsakuwar ƙoda da wani inji da likitoci ke farfasa ta da shi ba tare da an yanka mutum ba. Mutane da yawa sun ji labarin wannan inji. Wasu har sun sayar da bisashe sun yi doguwar tafiya domin a yi musu aiki da shi. Injin yana da amfani ƙwarai. Amma aikinsa bai ƙarewa a ranar da aka yi shi. Mafi yawan matsalolinsa suna fitowa ne bayan mutum ya koma gida, nesa da likitan da ya yi masa aikin. Shi ya sa muka ga ya dace mu san su tun da wuri.

Ƙoda da aikinta

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san ƙoda. Mutum yana da ƙoda 2, ɗaya dama ɗaya hagu, a bayan ciki, daidai haƙarƙarin ƙarshe. Siffarta ta wake ce, girmanta kamar dunƙulen hannu. Aikinta tace jini. A kwana ɗaya ƙoda biyun suna tace ruwa wajen litar 180 daga cikin jini. Suna mayar wa jiki kusan dukansa. Abin da ya rage, wajen litar 1 da rabi, shi ne fitsari.

Daga kowace ƙoda akwai wani siririn bututu da ke kai fitsari cikin mafitsara. Tsawonsa santimeta 25 zuwa 30. Faɗin cikinsa kuwa milimeta 3 zuwa 4 ne kawai, wato kamar ƙwayar dawa guda. Mu riƙe wannan ƙanƙantar bututu a zuciya, domin za mu komo kanta.

Yadda tsakuwa ke samuwa

Mun san yadda ake samun gishiri a Bilma. Ruwa yana kwance a rami, rana tana shanye shi, gishiri yana daskarewa. Kusan haka abin yake cikin ƙoda. Fitsari yana ɗauke da gishiri iri-iri. In ruwan jiki ya yi ƙaranci, fitsari ya yi kauri, sai waɗannan gishirin su fara daskarewa. Da farko kamar rairayi, daga baya su haɗu su zama tsakuwa. Saboda haka manomi da makiyayi da birkila, waɗanda ke yini cikin rana suna zuba gumi, suna cikin waɗanda abin ya fi barazana gare su.

Tsakuwar da ba ta kai milimeta 5 ba, galibi takan fita da kanta cikin fitsari. Wadda ta fi haka takan maƙale. A lokacin ne mutum ke jin matsanancin ciwo a kwiɓi, yana sauka zuwa mara da matsematsi, har ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Mene ne wannan inji?

A da, in tsakuwa ta ƙi fita, sai a yanka kwiɓi a ciro ta. A shekarar 1980, a birnin Minik na ƙasar Jamus, aka fara farfasa tsakuwar ƙodar mutum daga wajen jiki. Kamfanin Dornier ne ya ƙera injin, shi kuwa kamfani ne da aka sani da ƙirar jiragen sama. A injinan farko, ana zaunar da majinyaci ne cikin babban bahon ruwa. Na yanzu kuwa mutum yana kwanciya bisa gado, a manna masa wani matashi mai ruwa a kwiɓi. Da Faransanci sunan aikin litotirisi, ma'anarsa niƙa dutse.

Ga yadda yake aiki. Mun san in aka yi tsawa mai ƙarfi, ƙyauren ɗaki yakan girgiza ko da babu wanda ya taɓa shi. Injin yana fitar da irin wannan bugu mai girgiza. Bugun yana ratsa ruwa da fata da nama, ya je ya taru wuri ɗaya, kan tsakuwar, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Likita yana auna wurin da hoton radiyo ko da ekogarafi. Ana aika bugu wajen 2000 zuwa 3000 ko fiye, cikin minti 30 zuwa awa 1. Ana ba mutum maganin kashe zafi. Galibi a ranar ake sallamarsa.

Aikin ya fi kyau ga tsakuwar da ba ta wuce santimeta 2 ba, kusan tsawon ƙwallon dabino. Amma mu lura da abu ɗaya: injin ba ya fitar da tsakuwa. Farfasa ta kawai yake yi. Ɓarɓashin yana nan cikin ƙoda, kuma dole ya bi ta wannan siririn bututu kafin ya fito. Wannan kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makwanni.

Abubuwan da aka saba gani

Akwai abubuwa 3 da kusan kowa ke gani bayan aikin, kuma ba abin tsoro ba ne.

Na farko, jini cikin fitsari. Fitsari yakan yi ja-ja kamar ruwan wankin nama, kwana 1 zuwa ƴan kwanaki, yana washewa kullum.

Na biyu, tabo a fata. Wurin da bugu ya shiga yakan yi ja ko duhu, yana tsami kamar an yi wa mutum naushi. Yana wucewa da kansa.

Na uku, ciwo kaɗan-kaɗan lokacin da ɓarɓashi ke sauka, tare da rairayi cikin fitsari. Maganin da likita ya rubuta yana kwantar da shi.

Ƙa'idar ita ce: abin da aka saba gani yana raguwa ne kowace rana. Abin da ke ƙaruwa kuwa, matsala ce.

Matsala ta farko: cunkoson ɓarɓashi

In mace ta zuba hatsi da yawa lokaci guda cikin mazurari, sai ya cushe, ko ƙwaya ɗaya ba ta wucewa. Haka ɓarɓashin tsakuwa kan yi. Yakan sauko gaba ɗaya ya jeru cikin bututu, babba a gaba, ƙanana a bayansa, ya toshe hanya. Likitocin Jamus sun sa wa wannan suna titin duwatsu, saboda yadda yake fitowa a hoto. Yana samun mutum 4 zuwa 7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin. Ya fi samun mai babbar tsakuwa.

In hanya ta toshe, fitsari yana taruwa cikin ƙoda, ƙoda ta kumbura. Alamarsa ciwo mai tsanani a kwiɓi da amai. Amma ga abin lura: wani lokaci toshewar ba ta sa ciwo ko kaɗan. Ɗaya ƙodar tana aiki, mutum yana fitsari yadda ya saba, yana zaton ya warke. Ita kuwa toshasshiyar ƙoda tana lalacewa a hankali. In ta yi makwanni a haka, tana iya mutuwa har abada. Hoto ne kaɗai ke nuna wannan. Shi ya sa komawa ganin likita a ranar da ya sa wajibi ne, ko da mutum yana jin garau.

Maganin cunkoso yana hannun likita. Yakan ba da ƙwayar da ke sassauta bututu. Yakan sake bugun babban ɓarɓashin da ke gaba. Ko kuma ya shiga da siririn madubi ta hanyar fitsari ya kwashe. Ga mai babbar tsakuwa, wani lokaci tun kafin aiki ake sa masa ɗan siririn tiyon roba daga ƙoda zuwa mafitsara, domin fitsari ya samu hanya. Wannan tiyo ba na zama ba ne. Dole a cire shi ko a canza shi a lokacin da likita ya faɗa. In aka manta da shi, tsakuwa tana daskarewa a jikinsa, cire shi ya zama babban aiki.

Matsala ta biyu: ƙwayoyin cuta cikin jini

Wasu tsakuwoyi gidan ƙwayoyin cuta ne. Da aka farfasa su, sai ƙwayoyin su bazu cikin fitsari. Bugun kuma yana ɗan tsaga ƙananan jijiyoyin jini na ƙoda, ta nan ƙwayoyin ke samun ƙofar shiga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan mummunan kamu yana samun wajen mutum 1 zuwa 3 cikin 100. In ya haɗu da toshewar bututu, mugunya tana taruwa cikin ƙoda, kuma mutum yana iya rasa ransa cikin kwana 1 ko 2.

Alamarsa zazzaɓi da rawar ɗari. A nan ne babban haɗari yake a ƙasarmu. Mun saba da cewa duk masassara ta cizon sauro ce. Sai mutum ya sha maganin sauro ya lulluɓa, yana jiran sauƙi. A halin nan cutar tana cin jininsa. Saboda haka mu riƙe wannan da kyau: duk zazzaɓin da ya zo bayan an farfasa wa mutum tsakuwa, na asibiti ne, a ranar, ko da dare ne. A gaya wa likita ko anfirme aikin da aka yi tun kafin ya tambaya.

Domin kauce wa wannan matsala ne ake gwada fitsari kafin aiki. In an ga ƙwayoyin cuta, sai an kashe su da magani tukuna.

Matsala ta uku: zubar jini a kewayen ƙoda

Ƙoda nama ne mai laushi, cike da jini. Bugun da ke fasa dutse yana iya ƙuje ta. Wani lokaci jini yakan zuba ya taru a kewayenta. Galibi kaɗan ne, jiki yana shanye shi ba tare da mutum ya sani ba. Wanda ke kai ga rashin lafiya bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Amma in ya zo, yana bukatar kwanciya asibiti, wani lokaci har da ƙarin jini.

Alamominsa su ne ciwon kwiɓi mai ƙaruwa wanda magani bai kwantarwa, jiri, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, da farin ido da tafin hannu. Waɗanda abin ya fi samu su ne masu hawan jini da ba a daidaita ba, da tsofaffi, da masu shan maganin da ke tsinka jini. Aspirin yana cikin irin waɗannan magunguna. Ƙwayoyin ciwon kai da na gajiya da ake talla a tire cikin kasuwa, da yawansu akwai aspirin a ciki. Wanda za a yi wa aiki ya kawo wa likita duk maganin da yake sha, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya. Kada kuma ya daina maganin da likita ya ɗora shi a kai da ra'ayin kansa. Likita ne zai faɗi ranar dainawa da ranar komawa.

Matsala ta huɗu: tsakuwar da ta ƙi fashewa ko ta ƙi fita

Ba kowace tsakuwa ke jin bugu ba. Wata tana da tauri ƙwarai. Wata tana kwance a gindin ƙoda, inda ɓarɓashi ke wuyar fita. Ga mai ƙiba sosai kuma, bugun yana rage ƙarfi kafin ya isa. Saboda haka akan sake aikin sau 2 ko 3, ko a koma wata hanya: shiga da madubi ta hanyar fitsari, ko huda ƴar ƙaramar kafa a baya a ciro tsakuwar.

Ɓarɓashin da ya rage cikin ƙoda kamar saiwar ciyawa ce da aka bari a gona. Yana iya girma ya koma sabuwar tsakuwa. Wanda zai yi tafiya domin wannan aiki ya sa a lissafinsa cewa zuwa ɗaya ba lalle ya isa ba. Ya tanadi guzurin komawa.

Sauran matsaloli

Lokacin aikin, bugun zuciya yakan ɗan rikice. Ana lura da shi da na'ura, kuma yana daidaita in aka tsayar da injin ko aka daidaita shi da bugun zuciyar. Wanda aka dasa wa na'urar zuciya ya faɗa tun farko. Rauni ga hanji ko hanta ko saifa yana faruwa, amma ba safai ba. Alamarsa ciwon ciki mai tsanani, ciki ya ƙage, ko jini cikin bayan gida.

Waɗanda ba a yi wa wannan aiki

1. Mace mai ciki. Wadda ke shakka ta faɗa, a gwada ta.
2. Wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri, ko yake kan maganin tsinka jini.
3. Wanda ke da ƙwayoyin cuta a fitsari, sai an yi maganinsu.
4. Mai hawan jini, sai an daidaita shi.
5. Wanda bututunsa ya tsuke ƙasa da inda tsakuwar take, domin ɓarɓashi ba shi da hanyar fita.
6. Wanda babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura kusa da wurin.

Na 5 ya shafe mu. Tsargiya, wadda ake ɗauka wajen wanka da aiki cikin tabki da fadama da gonakin shinkafa, in ta daɗe a jiki tana iya tsuke bututun fitsari. Duk wanda ya taɓa fitsarin jini, ko da tun yana yaro ne, ya gaya wa likita.

Mu ɗauki misali

A ce an yi wa wani manomi aikin ran Litinin. Ran Talata ya hau mota ya koma ƙauyensu, tafiyar yini guda. Fitsarinsa ya fara washewa, yana ganin rairayi yana fita, yana murna. Ran Alhamis da dare sai rawar ɗari ta kama shi, kwiɓinsa yana ciwo. Ƙanensa ya ce sauro ne, ya kawo ƙwaya. Matarsa kuwa ta ɗauko takardar da aka ba su a asibiti ta karanta. A ciki an rubuta cewa in zazzaɓi ya zo a koma nan da nan. Ta ce ba za a kwana ba. Aka sa shi a amalanke zuwa gidan likita. Anfirme ya ga takardar, ya fara masa magani, ya tura shi babban asibiti. Can aka tarar ɓarɓashi ya toshe bututu, mugunya ta fara taruwa. Aka sa tiyo, fitsari ya samu hanya, zazzaɓi ya sauka.

Mu tambayi kanmu: da an bi shawarar ƙanen, aka jira kwana 2 a ga aikin ƙwaya, ina labarin zai ƙare?

Alamomi 6 da ba a kwana da su

1. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko rawar ɗari.
2. Ciwon da maganin likita bai kwantar ba.
3. Amai da ya hana shan ruwa da magani.
4. Fitsari ja wur, ko mai gudajin jini, ko jinin da ke ƙaruwa maimakon raguwa.
5. Fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya.
6. Jiri, suma, ko gumi mai sanyi.

Abin da za a yi bayan aiki

Wanda ya zo daga nesa, in da hali, ya zauna ƴan kwanaki kusa da asibitin kafin ya kama hanya. Kafin ya tafi ya tambayi likita abu 4: Yaushe zan komo hoto? An sa mini tiyo? In an sa, yaushe za a cire? In matsala ta tashi, wane asibiti mafi kusa da mu zan nufa? A rubuta amsoshin a ajiye tare da takardun asibiti. Matambayi ba ya ɓata.

A gida ya sha ruwa mai tsabta litar 2 da rabi zuwa 3 a yini, sai fa in likita ya ƙayyade masa. Lokacin bazara, da ranakun aikin gona, ya ƙara. Ma'aunin mai sauƙi ne: fitsari ya kasance fari-fari, ba ja kamar shayi ba. Ya riƙa ɗan yawo da ƙafa, domin motsi yana taimaka wa ɓarɓashi sauka. Ya bar aiki mai nauyi sai likita ya yarda. Ya riƙa tace fitsarinsa da ƙyalle mai tsabta, ya tara tsakuwar da ta fito cikin ƴar kwalba ya kai asibiti. Da ita ake gane irin tsakuwar da abincin da ya kamata ya rage.

Kada mu manta, injin yana fasa tsakuwar da ke nan ne, ba ya hana wata fitowa. Wajen rabin waɗanda suka taɓa yin tsakuwa sukan sake yin wata cikin shekara 10. Kariya ita ce yawan shan ruwa, da rage gishiri da dunƙulen miya, da daidaita cin nama. Ba a hana nono da madara ba. Lemun tsami cikin ruwan sha yana da amfani. Manomi ya tafi gona da gorar ruwansa, kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ƙoda?
2. Injin yana fitar da tsakuwa ne ko yana farfasa ta?
3. Don me ake komawa hoto ko da mutum bai jin ciwo?
4. Me ya sa zazzaɓi bayan wannan aiki yake da haɗari?
5. Ku faɗi mutum 3 da ba a yi wa wannan aiki.

Lissafi

Kofi ɗaya yana cin rubu'in litar. Kofi nawa mutum zai sha a yini kafin ya cika litar 3? In gorarsa ta gona tana cin litar 1 da rabi, sau nawa zai cika ta?

Ku tattauna waɗannan tambayoyi tsakaninku. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman gidan da ke da mai ciwon ƙoda.